Ko Kun Sani? Kyamarar da Ke Jin Ɗumin Jiki

Kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya don ɗaukar hoton namun daji ba motsi kawai take jira ba, ɗumin jiki take ji. Dila ko zomo ya gifta cikin sanyin dare, nan take ta ɗauka. Maciji da ƙadangare kuwa, da yake zafin jikinsu na bin na ƙasa, sukan wuce salin-alin ba ta ankara ba.

Kafin a sami irin wannan kyamara, a shekarun 1890, wani mai ɗaukar hoto, George Shiras, igiyar da ke haɗe da kyamara yake ɗanawa a dajin Michigan na Amurka, barewa ta taɓa, fitila ta walƙa, barewar ta ɗauki hoton kanta. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a 1906.