Dalilin da ya sa tsohuwar mota ke ƙara shan mai a Jos, da yadda ake saita kafiretonta

Motar da aka saita injinta a Legas ko Makurɗi, idan ta haye Hawan Kibo ta shigo Jos, sau da yawa sai ta canja hali. Ƙarfin janta ya ragu, salansa ta soma fitar da baƙin hayaƙi, fulogi ya riƙa yin baƙi, mai kuwa ya dinga zurarewa kamar tanki ya huje. Direba yakan ɗora laifin a kan man da ya sha a hanya, ko a kan bakanikensa. Amma idan motar tsohuwa ce mai kafireto, akasari babu abin da ya lalace a jikinta. Iskar da take shaƙa ce ta canja.

Maganar ta shafi mutane da dama a Nasarawa Gwom da sauran unguwannin Jos ta Arewa, inda har yau tsofaffin Peugeot, waɗanda Hausawa ke kira Fijo, ba su daina neman wa masu su abinci ba, musamman a-kori-kura masu dakon kaya. Kamfanin PAN ya soma harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da samfurin 504 har zuwa 2006, shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. Mafi yawansu kafireto suke amfani da shi. Haka ma babura, da yawancin Keke Napep, da ƙananan janaretocin gida. Tun kuwa da aka sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya haura naira 1,000 a 2024, man da ke fita ta salansa bai ƙone ba ya zama asarar da mai mota ke ji a aljihunsa kowace rana.

Aikin kafireto shi ne gauraya mai da iska kafin su shiga inji. A cikinsa akwai wani maƙogwaro da ke tsukewa a tsakiya. Idan fistin ya zuƙo iska ta bi ta wurin da ya tsuke, gudunta yakan ƙaru, matsinta ya ragu, sai ragin matsin ya tsotso mai daga wani ɗan kofi da ke gefe. Wani masani ɗan ƙasar Italiya, Giovanni Battista Venturi, ya yi bayanin wannan hali na iska da ruwa a 1797, shi ya sa maƙogwaron ya ɗauki sunansa. Man yana bi ne ta cikin jet, wato wani ɗan noti na tagulla mai siririn rami, kuma faɗin ramin ne ke iyakance yawan man da zai wuce. Domin mai ya ƙone ƙurmus, kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska.

A nan matsalar take. Lissafin na nauyi ne, kafireto kuwa bai san nauyin iska ba, gudunta kawai yake ji. Jos tana bisa tudu mai tsayin sama da mita 1,200 daga matakin teku, alhali Legas tana bakin teku, Kano kuma ba ta kai mita 500 ba. A tsayin Jos, iskar da ta cika silinda ta fi ta Legas rashin nauyi da kimanin kashi 11 cikin 100, oksijin ɗin da ke cikinta ma ya ragu da hakan. Man da kafireto ke tsotsowa shi ma yana raguwa, amma da kusan rabin wannan adadin kawai. Sakamakon shi ne mai ya rinjayi iska da kimanin kashi 6 cikin 100. Motocin zamani masu injekta ba su da wannan damuwa, domin suna da na'urorin da ke auna iska, kwamfutar motar kuma ta rage man da kanta.

Ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Rarar man nan ana iya gyara ta. Ƙarfin da inji ya rasa saboda ƙarancin iska kuwa ba ya dawowa da sukundireba. Ƙiyasin da injiniyoyi ke amfani da shi shi ne injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300 na hawa, wato kusan kashi 12 a Jos. Duk wanda ya ƙara wa injin mai domin ya dawo masa da wannan ƙarfi, ya ƙara wa Barno dawaki ne, domin man da ke ciki ma bai samu iskar da za ta ƙona shi ba. Rarar tana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ta gangara ta tsinka na cikin inji, zoben fistin ya ci da wuri.

Ko na'urorin gwaji sai an karanta su da idon Jos. Agogon auna zuƙar inji da zai nuna inci 17 zuwa 21 a lafiyayyen inji a bakin teku, a nan zai nuna ƙasa da haka da kimanin inci huɗu. Na auna matsin silinda ma haka. Bakaniken da ya riƙe adadin da ke cikin littafin kamfani bai rage komai ba, yana iya sa a sauke injin da lafiyarsa ƙalau.

Ƙa'idar da ƙwararrun kanikawa suka yarda da ita ita ce kafireto ne abu na ƙarshe da ake taɓawa. Da farko a saita bawul, a duba fulogi da kwantak da taimin, domin raunin wuta yana kwaikwayon ciwon kafireto har ya ruɗi mai gyara. Sannan a nemi inda iska ke satar shiga, ko ta tsagaggen gasket, ko ta busasshen tiyo, ko ta sandar totur da ta ci ta soma girgiɗi. Bayan haka a duba fulot, wato ɗan abin da ke yawo a kan man cikin kofi yana rufe hanya idan ya cika. Idan ya huje ko allurarsa ta ci, mai zai hau fiye da kima, kuma babu saitin da zai zauna. Sai an gama waɗannan, injin ya yi zafi sosai, sannan a kai hannu ga sukurori.

Sukurori biyu ne a yawancin kafireto irin na Solex da ke kan 504. Ɗaya na saurin silo, ɗaya na yawan man da ke shiga lokacin silo. Ana juya na man a hankali, rabin zagaye ko ƙasa da haka, ana saurare, har a kai inda injin ya fi tafiya sumul da sauri, sannan a dawo da saurin daidai da ɗaya sukurun. Abin da masu motoci da yawa ba su sani ba shi ne, wannan sukurun mulkinsa bai wuce silo da tafiyar rarrafe ba. Da mota ta miƙi hanyar Bauchi, babban jet ne ke shayar da ita. Saboda haka wanda ya biya aka "rage masa mai" ta hanyar ɗaure sukuru, abin da zai samu kawai shi ne motar da ke mutuwa a kowane shataletale, shan manta a doguwar tafiya kuwa yana nan.

Kamfanonin Solex da Weber suna buga lamba a jikin kowane jet, lambar kuwa faɗin ramin ce: 125 na nufin milimita 1.25. Domin rage mai da kashi 6 cikin 100, faɗin zai ragu ne da kimanin kashi 3 kacal, wato daga 125 zuwa 122 ko 120. Taki ɗaya ke nan, in ya yi yawa biyu. Wannan ya nuna irin ɓarnar da ake yi idan aka soka waya ko allura a cikin jet da sunan wanke shi. Tagulla tana da taushi, kuma ramin da ya buɗe daga 1.25 zuwa 1.35, wanda ido ba zai gane ba, zai ƙara faɗin hanyar mai da kusan kashi 17 cikin 100. Iska mai ƙarfi da ruwan wanke kafireto sun isa. Dabarar cusa silin waya a ramin domin tsuke shi ita ma caca ce, tunda ba wanda ya san adadin da ya rage.

Wannan sana'a ta kai ƙololuwarta ne a hannun masu tsofaffin motocin tsere da na ƙawa a Turai da Amurka, inda kafireto ya ɓace daga sababbin motoci tun farkon shekarun 1990. MGB ta Ingila, wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, ta yi suna da kafireto biyu na SU, Jaguar E-Type ta 1961 kuwa uku gare ta, yayin da Alfa Romeo ta Italiya ta shahara da Weber. Ita kanta 504 tana da jinin tsere: ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, 'yar'uwarta mai ƙofa biyu kuma ta sake lashewa a 1978. Idan kafireto ya wuce ɗaya, dole kowanne ya zuƙi iska daidai da ɗan'uwansa. Tsohuwar hanyar ita ce a kafa bakin tiyo a kunne, a kai ɗaya bakin ga kowane kafireto, a yi ta saiti har sautin zuƙarsu ya zo ɗaya. A SU akwai wani gwaji mai sauƙi: a ɗaga fistin ɗinsa ƙasa da milimita ɗaya. Idan injin ya ɗan tashi ya koma, saiti ya yi. Idan ya tashi ya zauna a sama, mai ya yi yawa. Idan ya nemi mutuwa, mai ya yi kaɗan.

Daga wajensu kuma aka gaji sha'awar sauya hanyar shigar iska: a cire akwatin matatar iska na asali, wanda kanikawa ke kira iyakilina, a sa buɗaɗɗiya, ko a ɗora kafireton da ya fi girma. A ganina, wannan ne wurin da kunne ya fi yaudarar mutum. Buɗaɗɗiyar matata tana sa inji ya yi ruri, direba ya ji kamar ya samu ƙarin dawakai, alhali sau da yawa iska mai zafi ta cikin bonet take zuƙa, wadda ta fi ta waje rashin nauyi. Babban kafireto a kan ƙaramin inji kuma yana rage gudun iska a maƙogwaro, sai motar ta riƙa shaƙewa idan aka taka totur daga ƙasa. Cire matatar gaba ɗaya ya fi duka muni. Ƙurar hunturu da ke lulluɓe Arewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan ta haɗu da baƙin mai, tana cin silinda kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa.

Akwai kuma wani aiki da akwatin asali ke yi wanda Jos ta fi sauran birane buƙata. Lokacin da fetur ke zama tururi a maƙogwaro yana sanyaya wurin ƙwarai, har da digiri 20 ko fiye. A safiya mai sanyi da laima, irin ta Yuli da Agusta da hazo ke sauka a kan duwatsu, ƙanƙara tana iya taruwa a bakin totur, mota ta mutu, bayan minti biyar ta tashi kamar ba abin da ya faru, domin zafin inji ya narkar da shaidar. Tiyon da ke kawo iska mai ɗumi daga gefen salansa zuwa akwatin, wanda akan yar a matsayin tarkace, shi ne maganin wannan.

Hanyar sanin ko canji ya yi amfani ba ta buƙatar kayan tsada, tana dai buƙatar haƙuri. A canja abu ɗaya tak a lokaci guda. A zaɓi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, a sa giya ta uku, wani na gefe ya auna daƙiƙun da motar za ta ɗauka daga gudun kilomita 40 zuwa 80. A yi zuwa da dawowa sau uku domin gangara da iska su soke juna, a lokaci ɗaya na yini, da kaya iri ɗaya, a rubuta. Na shan mai kuma, a cika tanki fal, a yi tafiyar da ta kai kilomita 100 ko fiye, a sake cikawa a famfo guda. Sannan a kwance fulogi bayan doguwar tafiya, ba bayan silo ba. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai kama da kunkunniya rarar mai ce, fari fat kuwa gargaɗi ne cewa injin yana ƙuna. Wanda ya samu na'urar da ake ɗaurawa a salansa tana nuna adadin iska da mai, zai nemi kusan 14.7 a tafiyar yau da kullum, da 12.5 zuwa 13 idan an take totur har ƙasa. Duk wannan a fili ake yinsa. Injin da mai ya yi wa yawa yana fitar da iskar kabon monoksaid mai yawa, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa a rufaffen gareji.

Saitin Jos na Jos ne. Motar da aka rage wa jet ta yi daidai da tudu, ranar da ta gangara Hawan Kibo ta nufi Akwanga da Lafiya da Makurɗi, za ta tarar da iska mai nauyi, man ya yi mata kaɗan. Wannan ya fi rarar mai haɗari, domin rara kuɗi take ci, ƙaranci kuwa yana ƙona bawul, wani lokaci ya huda fistin. Alamarsa ita ce zafi ya hau, salansa ko kafireto ya riƙa tari, a ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan motar na jan kaya. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Jos da ƙasa gara ya bar jet ɗin kamfani, ko ya rage taki ɗaya kawai ya haƙura da ɗan hayaƙi. Wanda aikinsa bai wuce Nasarawa Gwom zuwa Farin Gada da Bukuru ba yana iya ragewa sosai, amma ya karɓi tsohon jet ɗin daga hannun bakanike, ya ƙulle shi a leda tare da takardar da aka rubuta lambarsa, ya ajiye a aljihun gaban mota saboda ranar tafiya.