Lambun gida: a daina ɗebo ƙasar bola da ruwan kwata

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da tsadar tumatir da attaruhu da aka ɗanɗana a 2024, mutanenmu suka tuna da abin da iyayenmu suka daɗe da sani: gidan da ke da zogale a bayan ɗaki da kuɓewa a gindin katanga ba ya kwana da gayan tuwo. Yanzu duk unguwar da ka shiga za ka ga buhuna jere a tsakar gida, wasu a saman bene, wasu a ɗan lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga. Kiran a yi lambu a gida ma tsoho ne, domin tun a 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi shi a shirinta na ciyar da ƙasa. Abin a yaba ne, kuma idan sanyi ya wuce, bazara ta kama, lokacin shiri ne ga mai son damina ta tarar da shi a shirye.

Sai dai abin da nake gani a wajen shirin ya hana ni yin shiru. Yara ne da buhuna da baro suke ta zarya zuwa bola, suna tono baƙar ƙasar da ke ƙarƙashin shara suna kaiwa gidaje. Har sana'a ta zama, ana sayar da baro guda kamar yadda ake sayar da yashi. Kuma masu saye ba jahilai ba ne. Akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan gwamnati, har da waɗanda a gidajensu ba a shan ruwa sai na roba.

Akwai wata Hajiya a unguwarmu da ta cika tsakar gidanta da latas da alayyafo da albasa mai lawashi, sun yi kore shar, duk wanda ya shiga sai ya yaba. Da na duba cikin buhunan, ga ɓallin batir, ga guntun sirinji, ga fasasshiyar kwalbar magani, ga leda ta cuɗe da saiwa. Ban-ruwan kuwa, wani yaro ne ya ɗaura gwangwani a sanda yana kamfato ruwa daga kwatar da ta bi ta ƙofar gida. Na ce, "Hajiya, wannan latas ɗin fa ɗanye za a ci." Sai ta ce, "Haba Malam, ƙasar bola ai ta fi takin zamani, haka muka tashi muka ga ana yi. Kuma ai wankewa ake yi da gishiri." Wannan amsa tata ita ce amsar kusan kowa, shi ya sa ta cancanci a tsaya a kanta.

Gaskiya ne haka muka tashi muka gani. Gonakin da ke kewaye da birnin Kano sun daɗe ana noma su shekara da shekaru ba hutu, kuma abin da ya riƙe su shi ne takin birni. Jakuna su shigo da itace, su koma da mangala cike da shara. Amma a tambayi tsofaffi me ke cikin sharar wancan zamani. Toka ce, da kashin awaki da na tumaki, da ƙaiƙayi, da tsohuwar tabarmar kaba, da ɓawon gyaɗa, da ragowar abinci. Duk abin da ke cikinta daga ƙasa ya fito, kuma ƙasa yake komawa. Jujin yau fa? Batiran fitila da na rediyo, mataccen batirin sola da na babur, fasassun wayoyin hannu, ƙwan lantarki, gwangwanin fenti, baƙin mai daga garejin makanikai, ƙunzugun jarirai na zamani da kashinsu a ciki, allurai da audugar kemis, da kwalaben maganin feshi. A bisa wannan kuma ana cinna wa bolar wuta, roba ta narke ta shiga ƙasa. Baƙin da Hajiya take gani tana murna, wani ɓangarensa taki ne, wani kuma tokar roba ce da baƙin mai.

Mafi haɗari a cikin waɗannan su ne ƙarafa masu guba, irin dalmar da ke cikin batirin mota da na sola da na fitilun caji. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, ba ta canza ɗanɗanon miya. Gishiri ba ya kashe ta domin ba ƙwayar cuta ba ce, tafasa ma ba ta yi mata komai. Wani abu daga cikinta shuka ke zuƙa ta saiwa, musamman ganye da kayan da ke yin 'ya'ya a cikin ƙasa irin karas, wani kuma ƙura ce da ke maƙalewa a ganye. Sannan ga yaran gida da ke wasa a gindin buhunan suna kai hannu baki. Mu a Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani kan dalma ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar ta gauraye da ƙasar tsakar gida. Ƙasar bola ba za ta kai wannan muni ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Kaɗan ɗin da ba ya kwantar da yaro yana dakushe masa ƙwaƙwalwa a hankali. Sai a wayi gari ana dukansa a makaranta wai ba ya gane karatu, alhali da kuɗinmu muka sayo gubar muka jibge masa a tsakar gida.

Batun ruwan kwata kuwa ya fi ba ni takaici, domin wannan ba ya buƙatar ilimin boko. Kowa ya san abin da ke bin kwata: ruwan wanka, fitsari, wankin kashin yara, da abin da ke tsiyaya daga masai da sokawen da suka cika. Mutum ba zai yarda ɗigonsa ya taɓa masa riga ba in zai tafi masallaci, amma ya yarda a kwarara shi a kan ganyen da iyalinsa za su ci. Ta wannan hanya taifot da atini da amai da gudawa suke yawo. A 2021 an samu mutum sama da dubu 100 da ake zargin sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna sahun gaba. Ƙwan tsutsar ciki kuma yana iya yin watanni, har shekaru, a cikin ƙasa bai mutu ba, kuma ɗauraya ɗaya da ruwan gishiri ba ta isa ta raba shi da lungunan ganyen latas ba. Mun daɗe muna ƙorafi kan lambunan da ake shayarwa da ruwan Jakara a Kano, wanda ke kwashe dauɗar birni da ta masana'antu. Amfanin lambun gida shi ne ka ci abin da ka san asalinsa. In ka kawo kwata cikin gidanka, an gudu ba a tsira ba ke nan.

To, ina mafita? Ƙasa dai a ɗebo ta daga gona, ko daga filin da aka san ba a taɓa zuba shara ko yin gareji a kansa ba, kuma ba daga bakin babban titi ba. A haɗa kashi biyu na ƙasar da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. In ƙasar mai laka ce a ƙara yashi kaɗan don ruwa ya riƙa wucewa, in jigawa ce a ƙara taki don ta riƙe laima. Takin kuma yana cikin gida: kashin awaki, na tumaki, na shanu, na kaji, ɓawon kayan miya, busasshen ganye da 'yar toka. A haƙa rami a gefe a riƙa zubawa, ana yayyafa ruwa, ana juyawa duk bayan mako biyu. Zafin bazara yana taimakawa, cikin wata biyu zuwa uku zai nuna. Alamar ya nuna ita ce ya yi baƙi, ya daina wari, kuma in ka tura hannu ba ka jin zafi. Kada a zuba ɗanyen kashin kaji a gindin ƙaramar shuka. Ƙone ta zai yi, kuma shi ma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Kashin kare da na kyanwa da na mutum ba su da gurbi a ramin.

A kula da mazubi ma. Buhun shinkafa ko na sukari ko na masara ya wadatar, a huda gindinsa. Jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi ko baƙin mai, da bokitin fenti, a bar su, ko an wanke.

Ruwa shi ne uzurin kowa, kuma na san kuɗin kurar 'yan garuwa a watan Afrilu ba wasa ba ne. Amma a lissafa ruwan da gida ke zubarwa a banza. Ruwan alwala kaɗai, sau biyar a rana, in kowa ya yi a kan baho aka tara, zai shayar da buhuna da dama. Ga ruwan wanke shinkafa da na wanke kayan miya. Ruwan wanki mai omo ko bilic kada a sa, yana kashe ƙasa a hankali, haka ma na wanke-wanke mai maiƙo. A yi ban-ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindin shuka, ba a kan ganye ba. A rufe saman ƙasar da ciyawa ko buntun shinkafa don rana kada ta shanye laimar. Wanda yake da fili ya yi kwami mai ɗan zurfi kamar na 'yan fadama, ya binne tulun ƙasa a tsakiya har wuya, ya cika shi da ruwa ya rufe bakin. Tulun zai riƙa tsattsafo ruwan a hankali zuwa saiwa.

Abin da za a shuka ma sai an bi lokaci. Da yawa suna kallon bidiyon Turawa a waya, inda watan Maris yake farkon ɗumi bayan ƙanƙara, sai su ruga su sayo irin tumatir da kabeji da karas. Namu Maris ɗin ƙofar zafi ce, kuma a Afrilu zafi kan kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi. A irin wannan yanayi tumatir zubar da fure yake yi, latas ya yi ɗaci ya miƙe ya yi kai. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta sa jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016, ita ma a zafi take ƙarfi. Tumatir da kabeji da karas da latas kayan sanyi ne, a jira Oktoba ko Nuwamba. Na bazara su ne alayyafo, da ake fara yanka cikin mako uku zuwa huɗu, da kuɓewa da ke fara 'ya'ya cikin kamar wata biyu, sai rama, yakuwa, lalo da zogale. Barkono da gauta a rene su a inuwa tun da bazara, a dasa in ruwa ya zauna. A yi 'yar rumfar kara ta tare ranar tsaka, a kuma kewaye da zana ko tsohon gidan sauro saboda kaji da awaki da ƙadangaru.

In ƙwari suka zo, don Allah kada a ɗauko fiya-fiya. Sinadarin DDVP da ke cikinta shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Lambun buhu goma ba ya buƙatar guba. A tsince tsutsa da hannu, a barbaɗa toka, ko a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. In abin ya gagara a nemi malamin gona, kada a tsaya ga shawarar mai tallan magani a bakin kasuwa.

Masu unguwanni da limamai su tsawatar wa yaran da ke tonon bola suna sayarwa, domin su ne na farko da allura za ta soka. Gidajen rediyo da ke ta kiran a yi noman buhu su riƙa faɗin inda za a ɗebo ƙasa da ruwa, kada su tsaya ga nuna koren ganye. Wanda ya riga ya cika buhunansa da ƙasar bola ya juye ta ya mayar inda ya ɗebo, ko ya shuka furannin ado a ciki, nesa da inda yara ke wasa. Wanda ruwansa mai tsabta ba zai ɗauki buhu talatin ba, ya yi biyar. Buhu biyar na alayyafo da rama da kuɓewa za su rage masa cefane ƙwarai, kuma ba za su kai shi kemis ba.