Masu Zuma da Kaki na Mariazell

Ƙamshin zuma da kirfa ne ke fara tarbar baƙo a dandalin Mariazell, tun kafin ya ɗaga kai ya ƙirga hasumiyoyi ukun da ke kan majami'ar garin. Ƙaramin gari ne a jihar Steiermark ta ƙasar Ostiriya, a cikin tsaunukan Alps, mita 868 sama da teku, amma babu wurin ziyarar ibada da Kiristocin Katolika na ƙasar suke girmamawa kamarsa. Kuma duk inda masu ziyara suka taru, sana'a na biye da su. Wadda ta fi ɗaukar hankalina a nan ita ce ta mutumin da ake kira Lebzelter, mai gasa wani biskit na zuma da kayan ƙamshi mai suna Lebkuchen.

Mutanen garin suna kai asalinsa ga shekarar 1157. Labarin da suka gada ya ce wani ɗan zuhudu mai suna Magnus ya taso daga gidan ibada na St. Lambrecht ɗauke da sassaƙen Maryamu na itace, wani dutse ya tare masa hanya, ya yi addu'a dutsen ya tsage. Ya ɗora sassaƙen a kan kututture, ya gina ɗan ɗaki a kansa, daga wannan ɗakin garin ya samo suna. Sassaƙen bai kai rabin mita ba, yana nan har yau a tsakiyar majami'ar. Sarki Ludwig na ɗaya na Hangari ya gina babban coci a ƙarni na 14, aka faɗaɗa shi daga 1644 zuwa 1683. Tun wancan zamani 'yan Hangari da Kuroshiya da Cek da Sulobakiya suke zuwa, wasu a ƙafa. Daga birnin Biyana ma akwai tsohuwar hanya, Via Sacra, wadda har gobe mutane ke takawa kwana da kwanaki.

Wanda ya yi irin wannan tafiya abu biyu yake nema idan ya iso: abin da zai miƙa a wurin ibada, da abin da zai kai gida. Duk wanda ya taɓa tarbar alhaji ya ga yadda yara ke zuba wa jaka ido saboda dabino ya san nauyin tsaraba. To, Lebzelter ya samo amsar buƙatun biyu daga amya ɗaya. Yakan sayi saƙar zuma daga hannun masu kiwon ƙudan zuma, ya tace. Zumar ta tafi wajen gashi. Kakin ya zama kyandir. Ruwan da aka wanke saƙar da shi ma ba a zubar da shi, da shi ake haɗa wata giyar zuma da suke kira Met. Shi ya sa tun a da sana'o'in nan uku suke ƙarƙashin rufi ɗaya, a hannun maigida ɗaya da yaransa.

Sirrin biskit ɗin yana cikin jira. Ana ɗumama zuma, a kwaɓa ta da garin alkama da na Roggen, wani hatsi ɗan'uwan alkama mai duhu, ba tare da an sa komai ba. Sai a rufe kwaɓin a ɗaki mai sanyi, a bar shi makonni, wani lokaci watanni. A wannan zaman yake ɗan yin tsami, ɗanɗanonsa ya nuna. Ranar da aka fito da shi ya yi tauri, hannu ba ya iya murza shi. Masu sana'ar na da suna da wani benci mai doguwar sanda da aka ɗaure bakinta ɗaya; a ɗora kwaɓin a ƙarƙashi, yaro ya riƙa danna sandar da dukan nauyin jikinsa, ana juyawa ana dannawa, har ya yi laushi. Yanzu inji ke wannan wahala, kuma ban ga laifin hakan ba. Abin da inji bai iya ba shi ne ya gajarta watannin nan.

Bayan nan ake zuba kayan ƙamshi: kirfa, kanumfari, citta, gyaɗar ƙamshi da sauransu, kowane gida da ma'auninsa da ba ya faɗa wa kowa. Ba a sa yis. Abu biyu ke tayar da shi. Na farko Pottasche, gishirin da asalinsa daga tokar itace ake tace shi, kusan yadda iyayenmu mata ke tace ruwan toka. Shi ke sa kwaɓin ya baje. Na biyu ana kiransa gishirin ƙahon barewa, domin a da daga ƙaho da kofato ake samo shi. Shi ke sa ya kumbura sama. Yana da wari mai hawa kai a cikin tanda, kuma sai a abu mai faɗi marar kauri warin ke fita gaba ɗaya. Dalilin da ya sa biskit ɗin yake shimfiɗaɗɗe ke nan. Da ya fito daga wuta yana da tauri, amma zuma na jan danshi, saboda haka kwanaki na wucewa yana ƙara laushi. Matan gida kan sa shi a gwangwani tare da yankan tuffa. Abin da ke daɗa daɗi a hanya maimakon ya lalace, ai an yi shi ne domin matafiyi.

Ɓangaren kaki ya fi taɓa zuciyata. Mai jan kyandir yana da manyan ganguna biyu na katako, da kaskon narkakken kaki a tsakani. Dogon lagwani na warwarewa daga ganga ɗaya, ya nutsa cikin kaskon, ya bi ta wani faifan ƙarfe mai huji, ya naɗe a ɗayar. A sake mayar da shi ta huji mafi faɗi, a sake, har ya yi kaurin da ake so. Ban da kyandir, suna zuba kaki a cikin mazubin itace su fitar da siffar ƙafa, ko hannu, ko zuciya, ko jariri, ko saniya. Manomin da saniyarsa ta warke ya sayi ta kaki ya ajiye a majami'a don godiya. Uwar da ɗanta ya tashi daga ciwo ta sayi ɗan kaki. Ko mutum bai yi tarayya da su a aƙida ba, idan ya ga waɗannan siffofi zai gane abin da ke hana talakan tsaunukan nan barci: ciwo, haihuwa, dabba.

Sana'ar ta sha wuya. Sarki Joseph na biyu ya hana tafiye-tafiyen ziyara a shekarun 1780, gobara ta cinye yawancin garin a 1827, sannan ƙarni na 19 ya kawo sukari mai araha da kyandir ɗin farafin, waɗanda suka karya kasuwar zuma da kaki a garuruwa da yawa. A Mariazell ta rayu saboda baƙi ba su yanke ba. Jirgin ƙasa mai siririn layi daga St. Pölten, wanda aka sa wa lantarki tun 1911, ya ƙara yawansu. Fafaroma John Paul na biyu ya zo a 1983, Benedict na 16 ya zo a 2007 lokacin da garin ya cika shekara 850.

Baƙon yau yana da wuraren zuwa da dama: motar igiya zuwa kan dutsen Bürgeralpe, tafkin Erlaufsee, taskar kyaututtukan majami'a, kasuwar da ake ci kafin Kirsimeti. Gidan Pirker, wanda ya fi shahara a sana'ar, ya buɗe wurin aikinsa domin mutane su kalli yadda ake gashi da ado. A can za ka ga ma'aikaciya riƙe da ɗan ƙunshi mai tsinin baki cike da farin sukari, tana zana suna a kan biskit mai siffar zuciya, hannunta bai taɓa shi ba, zaren sukarin ne kawai ke sauka. Ta gama ɗaya ta tura gefe ya bushe, ta jawo wani.