Raunin garkuwar jiki na gado da haɗarin kansar ciki



A gidaje da yawa akwai mutum ɗaya da aka saba cewa "ai shi haka yake, ba ya rabuwa da ciwo". Yau kunne na ruwa, gobe tari da ciwon huhu, jibi gudawa. Ya girma, sai kuma aka ce olsa ce, ana ta shan magani shekara da shekaru. A kan irin wannan mutum za mu yi magana yau.

*Mene ne wannan rauni?*

Allah Ya sanya mana sojoji a cikin jini masu yaƙar ƙwayoyin cuta, su ake kira garkuwar jiki. Akwai wanda ake haifa da naƙasu a wannan garkuwa, saboda matsala a ƙwayoyin halittarsa. A lura da kyau: wannan ba ƙanjamau ba ne. Ba a ɗaukarsa ta jini ko saduwa ko cin abinci tare, don haka babu dalilin ƙyama.

Likitoci sun gano nau'o'insa sama da 400. Wanda ya fi yawa shi ne ƙarancin sinadarin IgA, kuma akasarin masu shi lafiyarsu ƙalau. Wanda ya fi damun mu a yau shi ne wanda ake kira CVID, inda jiki ba ya samar da isassun sinadaran kariya. Sau da yawa ba a gano shi sai mutum ya kai shekara 20 zuwa 40, kuma ba dole ne a samu wani mai shi a dangi ba.

*Ina haɗinsa da kansa?*

Tumbi da hanji ƙofa ce da abubuwan waje ke shiga jiki kullum, shi ya sa akwai masu gadi da yawa a bangonsu. Idan gadin ya yi rauni, ƙwayoyin cuta sukan samu wurin zama. Babba a cikinsu ita ce H. pylori, wadda ke haddasa yawancin gyambon ciki. Tun 1994 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa.

Idan kumburi ya daɗe a bangon tumbi, bangon yakan siranta, ƙwayoyinsa su fara sauya kama. Ga shi kuma sojojin da ya kamata su kashe ƙwayar da ta lalace tun tana ƙarama ba su da ƙarfi. Shi ya sa masu CVID sun fi sauran jama'a haɗarin kansar tumbi da kansar kaluluwa, wadda kan iya fitowa a hanji, kuma takan zo musu tun da sauran ƙuruciya. Amma haɗari ne, ba hukunci ba. Yawancinsu ba sa kamuwa.

*Alamomin da za su sa a yi zargin raunin*

- ciwon kunne sau huɗu ko fiye a shekara ga yaro
- ciwon huhu sau biyu ko fiye a shekara
- gudawar da ta ƙi tsayawa, tare da rama ko rashin girma
- farin kumfa a baki da ya ƙi tafiya bayan yaro ya wuce shekara ɗaya
- yaran gida ɗaya sun rasu da ƙuruciya ta hanyar ciwo iri ɗaya

Gwajin farko na jini ne: a ƙirga ƙwayoyin jini, a auna sinadaran garkuwa. A manyan asibitoci, irin na koyarwa, aka fi samunsa.

*Alamomin da ba a jira da su*

Bahaya baƙi kamar kwalta, amai da jini, abinci na tsayawa a ƙirji, ƙoshi bayan loma kaɗan, rama babu dalili, ƙarancin jini. Wanda ya ga ɗaya daga ciki, kar ya ce olsarsa ce ta motsa. Ya je likita ya leƙa cikin da na'ura mai kyamara. Kansar tumbi in aka kama ta da wuri ana iya yanke ta a warke. Idan ta bazu, aiki ya yi wuya.

*To, zuma da habbatus-sauda fa?*

Abubuwa ne masu albarka, a ci gaba da amfani da su daidai kima, ban da zuma ga jaririn da bai cika shekara ba. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya: ba za su ƙera sinadarin da jiki bai iya ƙerawa ba. Mai CVID ana ƙara masa sinadarin garkuwa ne da aka tace daga jinin masu bayarwa, yawanci ta jijiya duk bayan mako uku ko huɗu. Ita kuma H. pylori ana gano ta da gwajin bahaya ko na numfashi, a kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. A shanye duka, kar a tsaya don an ji sauƙi.

A gida kuma: a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu, a rage gishiri da naman da aka busar da hayaƙi, a bar taba, a yawaita ganye da 'ya'yan itatuwa.

Game da auren zumunci, halal ne, babu mai musu. Amma wasu nau'o'in wannan rauni suna fitowa ne idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, kamar dai sikila. Idan an taɓa ganin irin haka a dangi, a nemi shawarar likita kafin a sa rana.

Maigida, uwargida, in kun tuna da wani a gidanku yayin karanta wannan, to ku kai shi a duba. A tura wa 'yan uwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mu da zuriyarmu. Amin.