Kifin da Ake Kamawa Don a Mayar da Shi Ruwa

Ƙarshen wata ne, muna ɗaki mu huɗu, garin kwakin ma ya kusa ƙarewa a leda, sai wani abokina ya miƙo mini waya ya ce in ga ikon Allah. Wani Bature ne durƙushe a bakin tafki da sanyin safiya, ya rungumo kifi kamar ɗan akuya ana ɗaukarsa hoto. Da aka gama sai ya shiga ruwa har gwiwa, ya sake shi a hankali, kifin ya kaɗa wutsiya ya yi tafiyarsa. Ɗaki ya yi tsit. Can sai ɗayanmu ya ce, "Wallahi danginsa ba su kyauta ba da suka bar shi yana yawo." Mun sha dariya, amma ni abin ya tsaya mini a rai har sai da na bi diddiginsa. Ashe mutumin lafiyarsa ƙalau. Al'ada ce babba a Ingila, mai dokokinta da kuɗinta, har da rigimarta.

Turawan Ingila sun raba kifin ruwan daɗi gida biyu. Akwai na manya, irin su salmon, wanda tun da can masu hannu da shuni ke kamawa a kogunan da suka mallaka, su kai teburi. Sauran kuma suka haɗa su a suna guda mai ma'anar gama-gari. Su ne ma'aikatan masana'antu na birane irin su Sheffield da Birmingham suka riƙa shiga jirgin ƙasa suna zuwa kamawa ranar hutu tun ƙarni na 19. A cikin masu wannan fatsa akwai wasu da ba ruwansu da yawa, guda ɗaya tak suke nema, wanda ya yi fice a jinsinsa. Ka lura, a jinsinsa na ce. Akwai wani ƙaramin kifi mai jan ido da idan ya kai fam 2 na awo, wato bai ma cika kilo ɗaya ba, mutum zai yi shekaru yana ba da labarinsa. Amma sarkin tafki shi ne kaf, kifi mai kauri da manyan ɓawo, ɗan gemu a gefen baki, wanda kan haura kilo 20.

To yaya ranar take tafiya? Kafin ka jefa ƙugiya sai ka biya kuɗi sau biyu. Na farko lasisin hukumar kula da muhalli, wanda ya wajaba a kan duk wanda ya kai shekara 13. In aka kama ka babu shi, tara na iya kaiwa fam 2,500 na kuɗin Ingila. Na biyu tikitin mai tafkin, domin yawancin waɗannan tafkuna na mutane ne, wasu tsofaffin ramukan haƙar tsakuwa ne da ruwa ya cika aka zuba musu kifi. A koguna an hana wannan kamu daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda lokacin ƙwai, amma yawancin tafkuna a buɗe suke duk shekara. A bakin ƙofar wasu akwai randar magani da za ka tsoma komarka ciki, don kada ka kwaso cuta daga wani ruwa ka kawo musu.

Gwani ba ya fara da fatsa. Yakan iso kafin gari ya waye, ya bar kaya a mota, ya zagaya tafkin da ƙafa yana kallo. Ina kumfa ke tasowa? Ina ruwa ya gurɓace, alamar kifi na tonon laka? Ina iska ta dosa? Kaf na yawan bin iska mai ɗumi zuwa gaɓar da take bugawa. Sai ya zaɓi wurin zama, sannan ya ɗaura dalma a igiya ya jefa, ya riƙa jawowa a hankali. Daga yadda sandar ke rawa a hannunsa yake gane ƙasan ruwan: in tana karkarwa tsakuwa ce, in ta yi santsi laka ce, in ta cije ciyawa ce. Mutum na iya ɓata awa guda a nan yana neman fili mai tsabta da bai fi faɗin tabarma ba.

Wurin da ya fi burge ni shi ne abincin da ƙugiyar. Tsohon kaf da aka taɓa kamawa ya waye. Ba ya haɗiye abu kai tsaye, sai ya zuƙa ya furzar, in ya ji ƙarfe ko nauyi ya bar wurin. Ga kuma ƙananan kifaye masu cinye tana da masara kafin babba ya iso. Maganin ƙananan shi ne wani dunƙule kamar ƙuli-ƙuli, ana kwaɓa garin kifi ko na waken soya da ƙwai, a mulmula, a tafasa shi kaɗan har ya yi ɓawo mai tauri. Ƙaramin kifi ba zai iya gutsura ba, shi kuwa kaf yana da haƙora a maƙogwaro da yake murƙushewa. Maganin wayon babban kuma wasu mutum biyu ne, Len Middleton da Kevin Maddocks, suka fito da shi a ƙarshen shekarun 1970. Suka daina soke abincin a ƙugiya, suka rataya shi a wani siririn zare a ƙasanta, da farko ma gashin kai na gaske suka sa. Kifi ya zuƙi abincin bai ji ƙarfe ba, ƙugiyar ta biyo tsirara, in ya zo furzarwa sai ta kama leɓensa na ƙasa. Ka ga dabara mai sauƙi, kuma ita ce ta sa kifin ba ya haɗiye ƙugiya balle ta yi masa illa a ciki.

Daga nan sai jira. Sanduna biyu ko uku a kan maɗori, kowace da ƴar na'ura mai ƙara idan igiya ta motsa. Mutum ya kafa ɗan tanti, ya dafa shayi, ya zauna. Wuni guda na iya wucewa ko motsi babu, kuma ba a ɗaukar hakan abin kunya.

In kuwa na'urar ta yi kuka, aiki ya tashi. Igiyar ba ta kai ƙarfin kifin ba, don haka ba a fizgo shi, sai a bar shi ya ja, a jawo, ya sake ja, har ya gaji a tallabo shi da babbar koma. Abin da ke biyo baya kamar ɗakin haihuwa. Ba a ajiye shi a ƙasa, akwai katifa ta musamman da ake jiƙawa. Hannu ma sai an jiƙa, saboda yauƙin jikinsa shi ne rigarsa daga cuta. A cire ƙugiya, a shafa magani a wurin, a auna a jiƙaƙƙiyar jaka. Hoto a durƙushe ake yi, don ko ya suɓuce kada ya faɗo daga sama. Cikin ƴan mintuna ya koma ruwa.

Dalilin duk wannan lallashi lissafi ne. Kaf na rayuwa shekaru da dama, kuma sai ya daɗe kafin ya zama ƙato. In ka soya shi, dare ɗaya ya ƙare. In ka mayar, mai tafki zai yi shekaru yana sayar da tikiti a kansa. Shi ya sa manyan har suna gare su. A 1952 Richard Walker ya kama wata mai fam 44, kusan kilo 20, a tafkin Redmire, aka kai ta gidan namun daji na Landan da rai, aka san ta da Clarissa. Wata kuma mai suna Benson, a tafkunan Bluebell kusa da Peterborough, an kama ta sau 63, ta haura kilo 27, da ta mutu a 2009 jaridun ƙasar sai da suka buga labarin kamar an yi rashin wani babba. Mu ma ai mun san wani yanki na wannan lissafi: a Argungu ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki, shi ya sa giwan ruwa ke samun damar girma. Sai dai mu a ƙarshe tukunya ce.

Nan ne rigimar take. Bayan 2004 mutanen Folan da maƙwabtansu sun shigo Ingila da yawa, su kuma a wurinsu kaf shi ne abincin daren Kirsimeti. Wasu suka riƙa kamawa suna tafiya da shi gida, masu tafkuna suka tayar da jijiyar wuya, har aka koma kafa alluna da harsuna daban-daban. Ɗaukar kifi daga tafkin wani ba tare da izininsa ba sata ce a dokar ƙasar. Saboda haka ƴan uwa masu shirin tafiya karatu can, in kun ga ƙato yana shawagi a tafki, ku haɗiye yawu ku wuce.

Ni dai har yanzu zuciyata ba ta gama kwanciya da abin ba. Kula da ruwan da haƙurin sun burge ni, babu ƙarya. Amma a huda bakin halitta ɗaya sau 63 don hoto kawai, anya? Mu da aka taso ana kwaɓarmu kan wasa da abu mai rai, wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Turawan ma ba su haɗu a kai ba, domin a Jamus kamun kifi da niyyar nishaɗi kawai a sake shi na iya kai mutum gaban alƙali bisa dokar kare dabbobi. Da na kai wa abokin nan nawa wannan bayani, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko ita Benson ɗin da ta mutu an samu wanda ya ci.