Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki

A Kara, kamar sauran garuruwan Gwarzo da Kabo, idan magidanci ya rasu ƙofar gidansa cika take yi maƙil. Maza a kan tabarmi a waje, mata a cikin gida, kwanukan tuwo na shigowa daga maƙwabta, kowa da "Ya haƙuri?" a bakinsa. Kwana uku ne, in ya yi tsawo bakwai. Daga nan mai gona ya koma gonarsa, mai kasuwa ya nufi Getso, a bar matar mamaci da takabarta ta wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta hukunta.

A wannan tsakanin ne dangi suka fi yin sakaci.

Baƙin cikin rashi ba cuta ba ne. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Mai jimami takan yi kuka yau, gobe jika ya ba ta dariya. Ciwon damuwa kuwa ba ya ɗagawa. Likitoci kan yi zarginsa idan aka yi mako biyu a jere mutum ba ya jin daɗin komai, barci ya ƙaurace masa ko ya yi yawa, abinci ya fita ransa, yana ganin kansa ba shi da amfani. Za ka tarar an kai wa mai takaba fura da hantsi, har la'asar tana nan a rufe da faifai. Tun 2022 kuma kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya jimamin da ya zarce wata shida yana hana mutum harkokinsa a jerin larurorin da ake yi wa magani.

Abin takaici, a ƙauye sau da yawa sai a ce mata rashin tawakkali ne, ko a ce iska ce. Wannan magana ƙara mata nauyi take yi, don yanzu ga kewar miji ga zargin kai. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Taimakon da ya fi amfani ba na baki ba ne. Ƙanin miji ya kama noman gonar idan damina ta faɗi. A raba gado da wuri, a damƙa mata tumunin takabarta ba tare da ja-in-ja ba. Ƙanwa ko 'ya ta dinga kwana a ɗakinta, ta zauna kusa ta ce, "Yaya, daure ki sha ko ludayi biyu ne." Ko Nana A'isha, in an yi rashi a danginta, talbina takan sa a dama wa masu jimami, wato kunun sha'ir. In kuma ta ɗauko hirar marigayin, a bar ta ta yi, kada a katse ta da "ki yi haƙuri".

Namijin da matarsa ta rasu shi ma ba a cika kula shi ba. An ce namiji ba ya kuka, sai a yi ta gaggawar nemo masa wata. Aure rufin asiri ne, kuma Hukumar Hisbah ta Kano ta fara aurar da zawarawa tun 2012, a Oktoban 2023 ma aka ɗaura aure 1,800. Amma ɗaurin aure ba ya warkar da ciwon damuwa.

Duk ranar da aka ji mai takaba ta ce "gara in bi shi", kada a ɗauka maganar zafin rai ce. A kawar da maganin feshin gona daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta Babban Asibitin Gwarzo. Idan da buƙata, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.