Canjin Gwiwa da Mutum-Mutumi: Wa ke Riƙe da Zarton?

Tallan asibitocin Indiya da Dubai ya cika wayoyin jama'a, kuma duk bakinsu ɗaya: kawo tsohuwarka mutum-mutumi ya canza mata gwiwa. Dillalan marasa lafiya sun ɗauki zancen sun ƙara masa gishiri, suna gaya wa iyalai cewa aikin hannun likita ya zama tsohon yayi. Har ta kai wasu na jinkirta tiyatar da za a iya yi musu a gida, suna fama da amosanin gwiwa suna tara kuɗin jirgi.

Babu wani mutum-mutumi da ke shiga ɗakin tiyata ya yi aiki shi kaɗai. Likita ne ke tsaga fata, shi ke dasa ƙarfe da roba a wurin guringuntsin da ya cinye, shi ke ɗinkewa. Ɗauki Mako na kamfanin Stryker na Amurka, wanda aka fi tallatawa. Kafin ranar aiki akan ɗauki hoton CT na ƙafar, kwamfuta ta fitar da surar ƙashin, likita ya tsara inda za a yanka. A ɗakin tiyata hannun na'urar na riƙe da zarto, likita na tura shi, in ya nemi ƙetare iyakar da aka shata sai zarton ya tsaya cak. Sauran irin su ROSA da CORI kowanne da salonsa, amma duk 'yan rakiya ne.

Amfaninsa na gaske shi ne daidaito: yankan ƙashi yakan fi zuwa daidai da yadda aka tsara. Sai dai keken ɗinki mai lantarki yakan miƙe layin zare, amma ba shi ke sa riga ta zauna a jiki ba, aikin tela ne. A wani gwaji da aka yi a Koriya ta Kudu, wanda aka wallafa a 2020, an bibiyi sama da mutum 1,300 na kimanin shekara 13. Ba a ga bambanci ba wajen yadda gwiwar ke aiki ko daɗewar ƙarfen tsakanin waɗanda aka yi wa da na'ura da waɗanda aka yi wa da hannu. Na'urar da aka gwada tsohuwar ƙira ce, su kuma sababbin na'urorin shekarunsu ba su kai a yanke musu irin wannan hukunci ba.

Shi kuwa aikin hannun da ake rainawa, nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka canza na kaiwa shekara 25.

Akwai abin da tallan ba ya faɗa. Ana kafa ƙusoshi a ƙashin cinya da na ƙwauri don na'urar ta gane matsayin ƙafa, kuma, ko da yake ba kasafai ba, ƙashi kan tsage ta wurin. Aikin kan ɗauki ƙarin lokaci, kuɗin ma ya fi yawa. Sannan da yawa daga waɗanda aka canza wa gwiwa na shan wahalar durƙuso da zaman tahiya, wasu sai dai su yi salla a kan kujera, da na'ura ko babu.

Abin takaici, da an mayar da hankali wajen wadata asibitoci irin na ƙashi na Dala da kayan aiki da masu gashin ƙashi, da dillalai ba su samu kasuwa haka ba.

Kafin ka sayar da fili, tambayi likitan gwiwa nawa yake canzawa a shekara, yadda suke kare ciwon daga kamuwa da ƙwayoyin cuta, da wanda zai kula da gashin ƙafar bayan an dawo gida. In amsoshin sun gamsar da kai, ka miƙa ƙafarka ko da na'ura ko babu.